Ba a Gano Ba

Ƙa'idar farko da maigidansa Tsoho ya koya masa a aikin lantarki ita ce kada ya yarda da waya. Ko an kashe makunni, ko an zare fis, ko mai gida ya rantse cewa unguwar gaba ɗaya babu wuta. Ka ɗora testa, abin gwajin wuta. In bai kama ba, kada ka yi murna tukuna. Kai shi kan wayar da ka tabbata tana da wuta, ka ga ya yi ja da idonka, sannan ka dawo kan ta farko. Testa ma yana mutuwa, kuma mataccen testa magana ɗaya ya iya: babu. Tsoho ba ya dogon bayani. Hannunsa na dama kawai yake ɗagawa, mai yatsu uku, ya ci gaba da abin da yake yi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin wannan ƙa'ida, wuta ba ta taɓa jansa ba. Tsoho ya rasu ya bar masa shago da tsani biyu. 'Yan layin suka laƙaba masa Injiniya don zolaya, tunda ko ƙofar jami'a bai taɓa leƙawa ba, sunan ya bi shi har matarsa ta ɗauka. Ita kuma Malama yake ce mata, kamar yadda yaran ajinta suke kiranta.

Watansu biyar da aure wani magini ya faɗo daga bene a ginin da suke aiki. Aka ce ana neman jini. Su huɗu suka je asibiti da ƙurar siminti a gira. Aka gwada jininsu, aka ɗebi na mutum uku. Shi aka ce ya bi wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai tabarau, wadda kowa ke kira Sista. Ta shiga da shi wani ɗaki mai koren labule, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da shi maimakon ta zauna bayan tebur. Tun daga nan ya san ba lafiya ba.

Aka sake gwajin a gabansa. Cutar ƙanjamau. Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Shekara nawa ya rage min?"

"Ba ni ke rabawa ba, ɗana. Amma in ka riƙe magani, kai ma za ka tsufa ka ishi mutane da surutu kamar ni." Ta ajiye wata farar robar magani a gabansa. "Yau za ka fara."

"Yau? Ni fa lafiyata ƙalau. Jiya ni kaɗai na ja waya hawa uku."

"Shi ya sa na ce yau. A da sai mutum ya kusa kwanciya ake ba shi, daga baya aka gane kuskure ne. Yanzu da kake da ƙarfinka za mu danne ta, kafin ta rushe maka garkuwa, tari da sauran tarkace su samu hanya. Kana da iyali?"

"Akwai."

"To ita ma kariyarta tana cikin wannan roba. Ƙwaya ɗaya kullum, lokaci ɗaya. Bayan wata shida mu auna yawan cutar a jininka. In ta yi ƙasa har inji ya kasa ganinta, ba za ka sa wa matarka ba. Kafin nan ga kwaroron roba. Ka kawo ta a duba ta."

Rabin maganar ya ji. Sauran rabin ya wuce ta saman kansa, don tun da ta ce iyali hankalinsa ya bar ɗakin.

Da yamma ya tarar da Malama tana duba littattafan yara da jan biro. Bai zauna ba. Daga bakin ƙofa ya faɗa mata komai, har da matar da ya sani a wani gari inda ya yi aikin wata uku. Ta rufe bironta a hankali.

"Kafin ni ko bayan ni?"

"Kafin."

"Rantse."

Ya rantse. Tukunya ta fara ƙauri, ta tashi ta sauke ta. Tana juya masa baya ta ce, "Gobe ba ni da darasin farko. Sai mu je."

Ba a samu komai a jininta ba. Bayan wata uku aka sake, babu. Sista ta ce Allah ya tsare. Injiniya bai ji daɗin da ya kamata ya ji ba. Abin da ya ji shi ne abin da mutum ke ji in ya buɗe bango ya tarar da waya tsirara a inda yara suka shekara suna jingina.

Ranar gwajinta na farko ɗin, suna dawowa gida ya naɗe 'yar katifar baƙi ya ɗaure ta da igiya.

"Ina zuwa?"

"Shago. Ɓarayi sun yi yawa a layin."

"Ni za ka yi wa ƙarya, Injiniya?"

"Wata shida ne kawai."

"Sista ta ce ba sai an yi haka ba. A gabanka ta faɗa."

"Ba Sista za ta ɗauki alhakinki ba."

Ya ɗora katifar a bayan babur ya tafi, bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya zai sauke ta.

Shagon siriri ne, mutum biyu ba sa wucewa a jere. Matattun fankoki a rataye a rufi, tarin dutsen guga da masu su suka manta, naɗin waya ja da baƙi a kan ƙusa. Katifar ta samu wuri a ƙarƙashin teburin aiki, kansa wajen bango, ƙafarsa wajen ƙofa. Robar maganin ya ɓoye ta cikin kwanson wata tsohuwar mita da ba ta aiki. Ƙarfe bakwai na safe, kafin ya ɗaga ƙofa, zai buɗe mitar, ya haɗiyi ƙwaya ɗaya, ya yi ɗigo da fensir a kan kalanda. Makonni biyun farko kansa ya yi ta nauyi. Daga nan shi ke nan, bai ƙara jin komai ba. Wannan ma ya dame shi. Da ma ciwon yana da wurin da mutum zai nuna.

Ya naɗa wa kofinsa jan salatif. Ya daina zama cin abincin rana da 'yan layin, waɗanda ke haɗuwa a inuwar shagon mai walda su ci a faranti ɗaya.

"Ango mai kwanan shago!" mai walda yake ƙwala masa kira da cokali a hannu. "Amarya ta kore ka ne? Faɗi gaskiya, mu je mu ba ta haƙuri!"

"Ku bar shi," in ji mai gyaran babur. "Fankoki yake gadi. Kada su tashi su gudu."

Sai ya ɗaga musu filaya ya yi murmushin da bai kai ido ba. Bayan wata biyu suka gaji suka daina kiransa. Ya yi zaton zai ji sauƙi.

Malama kan biyo da abinci in an tashi daga makaranta, alli a gefen hannun rigarta. Ta zauna a kan kujerar masu jira, shi yana can bayan tebur. Ta ba shi labarin yaron da ya haɗiye murfin biro, da shugaban makaranta da ya zame a gaban 'yan aji uku. Yana saurare yana warware wata waya da ba ta bukatar warwara. Hannun mai aikin lantarki ba ya rabuwa da yanka, shi kuwa kowane ƙwarzane sai ya naɗe shi da salatif, har yatsunsa suka koma kamar na kuturu.

Wata rana ta miƙa hannu ta ɗauki kofin mai jan salatif ta kai baki. Ya fizge shi har ruwa ya zube mata a cinya.

"Kofi ba ya sa wa mutum," ta ce. "A bangon asibitin ma an rubuta. Da manyan baƙi."

"Na sani."

"Ka sani. To?"

Ya ajiye kofin. Ya sani a ka. Hannunsa ne bai sani ba.

Lokacin da ya fi tsana shi ne in rana ta yi ja, layin ya fara watsewa. Mai walda ya kashe injinsa, shiru ya sauko kamar an toshe kunne. Ɗaya bayan ɗaya ƙofofi su sauka, kwaɗo ya yi ƙara, babura su tashi. Shi sai ya sauke tasa rabi, ya zauna a kan bokitin fenti yana kallon ƙafafun masu komawa gida. Ya san su ta takalma. Akwai wata mata mai silifa shuɗi da kullum take wucewa da ɗan gudu, da leda tana bugun ƙafarta. Wani yana jiranta.

Duk wata yakan je karɓar magani. Benci uku ne a jere a wani lungu na asibitin, kowa da kati a hannu, ba mai kallon wani. Sau ɗaya wani dogon mutum da wuyan riga ya yi masa yawa ya zauna kusa da shi, ya yi tari, ya ce, "Sabo ne kai?"

"Wata huɗu."

"Ka yi wayo. Ni shekara huɗu da suka wuce aka faɗa min. Na ce ni da nake ɗaga buhu biyu? Na yaga katin a bakin ƙofar nan." Ya nuna ƙarshen benci na uku da haɓa. Wata mata ce zaune da nata katin, ta ba su baya. "Uwar 'ya'yana. Tare muke zuwa, mota ɗaya. Amma can take zama."

Injiniya ya koma shago ranar bai iya taɓa aiki ba.

Wata shida suka cika, aka ɗebi jini. Bayan mako biyu Sista ta kira shi ɗakin mai koren labule. Wannan karon bayan tebur ta zauna, tana ta fara'a kamar ita aka yi wa kyauta. Ta tura masa takarda ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Ba a gano ba. Ka ga amfanin farawa da wuri? Je ka gida, ɗana. Ka ci gaba da shan maganinka, ka koma wa matarka."

"Na warke ke nan?"

"A'a. Tana nan, amma maganin ya danne ta, ta yi ƙanƙantar da inji ba ya ganinta. Wanda ya kai nan, ya riƙe, ba ya sa wa matarsa."

"Injin ya ce babu."

"Ya ce bai gani ba."

Ya kalli takardar. Ya san wannan amsar. Ita ce amsar da ta cinye wa Tsoho yatsu biyu. Ya so ya tambaya, amma akwai mutum ashirin a kan benci, Sista kuma har ta miƙa hannu ga kati na gaba. Ya yi godiya, ya ninke takardar huɗu, ya kai ta cikin tsohuwar mita. Da Malama ta tambaya, ya ce sakamako bai fito ba. Bayan mako biyu ta sake tambaya, ya ce injinsu ne ya samu matsala.

Haka aka ƙara wata biyu.

Ranar wata Laraba ta zo ba tare da abinci ba. Ba ta zauna ba.

"Ni malamar makaranta ce, na iya ƙirga. Shida suka ce. Yau takwas. Ba ni takardar."

Ya buɗe mitar ya ba ta. Ta karanta, ta duba kwanan wata, ta sake dubawa. 

"Wata biyu tana nan cikin wannan gwangwani."

"Ban yarda da ita ba."

"Kai ka fi likitoci?"

"Ba haka ba ne. Abin awo in ya ce babu, sai an gwada shi kan abin da ake da tabbas akwai. Ni ban ga sun gwada ba. In injin ne ya mutu fa? In na yarda, na dawo, sannan..."

"Ni ba waya ba ce, Injiniya." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka san me ake faɗa a gidanmu? Matar mai gidan haya ta ce ka gano wani aibu a jikina. Innata ta kira ni tana kuka, wai in faɗa mata gaskiya ko dukana kake yi. Ban faɗa wa kowa ba. Na riƙe maka sirrinka wata takwas, ni kaɗai a ɗaki da shi. In na dafa abinci, kwano ɗaya nake wankewa. Ni ban ji tsoron cutar nan ba. Ka ji ni ko? Ban taɓa ba. Kai ne ka gudu ka bar ni."

"Don ke na yi."

"Ba ka tambaye ni ba." Ta ajiye takardar a kan tebur, ta danne ta da filaya don kada fanka ta kwashe. "Yayana zai zo da mota ranar Asabar. Na ce masa ya zo. In kwanan kaɗaici zan yi, gara in yi shi inda ake ce min sannu."

Ta fita. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya bi ta da kallo, ya kalli shagon, ya mayar da gilashin.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya tafi asibiti, ya wuce lungun benci ukun nan, ya bi kibiya har ɗakin awon jini. Taga ce ƙarama mai gilashi, ana miƙa kwalabe ta ƙasa. Ya tsaya gefe ya bar layi ya ƙare. Sai bayan azahar wurin ya yi sarari. Mai awon wani ƙaton mutum ne mai sanƙo, farar rigarsa ba ta rufe tumbinsa.

"Malam, tun safe nake ganinka kamar ɗan sanda. Me aka yi?"

Ya tura takardar ta ƙarƙashin gilashi. "Ina so a sake."

Mai awon ya duba. "Ikon Allah. Mutane rawa suke yi in sun samu wannan, kai ka zo ƙorafi. So kake mu ƙara maka?"

"Ina so a sake yau."

"Ko Sista ta rubuta an ɗiba yau, sai mako biyu. Ba shayi ba ne."

Mako biyu. Asabar jibi ce. Injiniya ya dafa katakon tagar da yatsunsa masu salatif.

"To tambaya ɗaya. Yaya kuka san injinku ba matacce ba ne? Ranar da ya ce bai gani ba, wa ya tabbatar yana gani?"

Mai awon ya daina dariya. Ya kalle shi sosai. "Me kake yi, wace sana'a?"

"Lantarki."

"Shekara goma sha tara ina wannan taga, ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Ko likitoci." Ya waiwaya ya duba bayansa. "Ba a shiga. Tsaya nan."

Ya ɓace, ya dawo sanye da safar hannu, riƙe da wani ɗan akwati mai raɓar sanyi. Ya ɗaga ƙananan kwalabe biyu a bayan gilashi.

"Ka ga wannan? Ba jinin kowa ba ne. Daga kamfani yake zuwa, an san akwai cutar a ciki, an san adadinta. Wannan kuma an san babu komai. Duk zubin jinin da za mu yi a inji, sai sun shiga tare da jinin mutane. In injin bai kama ta farko daidai ba, ko ya ga wani abu a ta biyu, zubin gaba ɗaya ya lalace. Ba takarda ko ɗaya da za ta fita. Mu sake daga farko, in koma gida matata tana harara."

"Kowane zubi?"

"Kowane. Ba sau ɗaya a wata ba."

"Na ranar nawa fa?"

Mai awon ya yi tsaki mai kama da dariya. "Kai, wannan mutum. Allah ya sa ba kai za ka yi min hisabi ba." Ya mayar da akwatin, ya jawo wani kakkauran fayil, ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa, har ya tuna da safar ya cire ta. Ya samu shafin. Ya rufe layukan sauran mutane da wani kwali, ya manna shafin a gilashi. "Ga kwanan wata. Ga lambarka, duba da ta katinka. Ga na kamfanin a sama. Karanta da kanka."

Ya karanta. Injin ya kama ta kamfanin, lamba mai sifili da yawa. Layi bakwai a ƙasa, ga tasa. Rana ɗaya, zubi ɗaya. Ya sake bin lambar katinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya jingina da bango.

"Amma tana nan," ya ce.

"Tana nan, a kwance. Ka saki magani, ta miƙe. Tun ranar awon nan ka tsallake?"

"Ko sau ɗaya. Ina da kalanda."

"Na yarda kana da ita." Mai awon ya rufe fayil. "Sauran bayanin na Sista ne, amma ji wannan. An bi ma'aurata dubbai, shekara da shekaru, ɗaya yana da ita ɗaya ba shi da ita. Inda magani ya danne ta irin haka, ba a samu wanda ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Kana da mata?"

"Zuwa Asabar."

Mai awon ya ajiye fayil ɗin. Sannan ya ce, "To me kake yi a tagata?"

Duk da haka bai je ranar ba. Ya koma shago ya zauna a kan bokitin fenti. Tsoron ya tafi, sai ya ga abin da tsoron ya rufe: bai san me zai ce mata ba. Wata takwas yana ganin kansa mai sadaukarwa. Yanzu da ya duba, mutum ne kawai da ya bar matarsa da bakin maƙwabta.

Ranar Juma'a da la'asar ya rufe shago, ya sa robar maganin a aljihu. Mai walda ya ga yana sa kwaɗo da rana tsaka.

"A'a! Fankokin fa, wa zai yi gadi?"

"Kai."

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Jaka biyu a ɗaure a gefen gado, da kwalin littattafai. Bangon da hotunan 'yan ajinta suke ya koma fari, sai ƙusoshi. Malama na zaune a ƙasa gaban ƙaramin madubi da ta jingina da ƙafar kujera, tana tsefe kai. Rabin gaba ya tashi buzu-buzu, rabin baya yana nan a kitse. Ta gan shi ta madubi. Hannunta bai tsaya ba.

Ya yi sallama kamar baƙo. Ta amsa kamar ga baƙo.

Daga tsaye ya ba ta labarin tagar, da mai awon mai tumbi, da kwalabe biyu, da shafin da aka manna a gilashi. Ya yi ta bayani dalla-dalla, ya fi ƙarfin abin da ake bukata, don muddin yana maganar inji bai kai ga ɗaya maganar ba.

"To madalla," ta ce. "Inji ya faɗa, ka yarda. Mai tumbi ya faɗa, ka yarda. Ni da Sista mun yi ta faɗa, iska ce."

"Na yi kuskure."

"Wanne daga ciki?"

Ya yi tunani, don ya san malama ce, ba ta karɓar amsar da aka jefa. "Da ban tambaye ki ba. Da na ɓoye takardar. Da na bar ki da mutane."

"Uku. Akwai saura, amma ka ci rabin maki." Ta cire gashin da ya maƙale a tsinken tsifa ta dunƙule shi. Idonta ya yi ja, amma ba ta bari komai ya zubo ba. "Ban ce na fasa ba."

"Na sani."

Ya zauna a bakin gado, nesa kaɗan. Ɗakin ba ya warin komai sai man gashi. A waje wata mata tana kiran ɗanta, tana ƙara kira. Malama ta kai hannu ƙeya, ta lalubi bakin wani kitso, ya kuɓuce mata. Ta sake, ya sake kuɓucewa. Kafaɗarta ta gaji, ta sauke hannun ta yi ajiyar zuciya.

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga tsinken sama ta bayan kafaɗa, ta riƙe shi a nan.

Ya kalli yatsunsa. Ya fara warware salatif ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana manna su a gefen gado. Yankan da ke ƙasa duk sun daɗe da warkewa, fatar ta yi fari ta yi laushi. Ya sauko ƙasa ya durƙusa a bayanta, ya karɓi tsinken. Wuyanta da ɗumi. Ya kama kitson farko ya ja.

"Wash! A hankali mana. Daga ƙasa ake farawa, ba daga sama ba."

Ya fara daga ƙasa. Kitson ya buɗe a hankali, sili-sili. Ya gama ɗaya ya kama na biyu. 

"Ƙarfe nawa Yaya zai zo?" ya tambaya.

"Tara. Ya riga ya sha mai, ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ka san halinsa." Ta ɗan karkatar da kai don ya samu na gefe. "Ni ba zan kira shi ba. Kai ka jawo, kai za ka kira shi ka ce kada ya zo."

Tsinken ya tsaya a hannunsa. "Me zan ce masa?"

"Ka yi tunani," ta ce. "Akwai sauran kitso goma sha ɗaya."